Karatun gida da yara maza uku: awa nawa ya kamata su zauna?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum iyaye. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. Yarana uku ne, duk maza: Sadiq shekararsa 7, mai bi masa 5, auta biyu da rabi. Wata biyar ke nan da muka fara koyar da su a gida. Na ce "muka", amma gaskiya ni ce a kai, babansu sai dare yake shigowa. Na zauna na tsara jadawali mai kyau na manna a bango, daga ƙarfe 8 zuwa 12: karatu, rubutu, lissafi, kimiyya, da hutun minti 20 a tsakiya. Wallahi ko sau ɗaya ba mu taɓa kai ƙarshensa ba. Sadiq in ya yi minti goma a zaune sai ya fara lilo da kujera, ko fensir ya faɗi, ko fitsari ya matse shi, ko ƙishirwa. Na tsakiyan yana ƙarƙashin tebur wai shi zaki ne. Auta kuwa jiya na tarar da shi yana taunar alli. Kafin ƙarfe goma muryata ta dishe saboda tsawa. Don Allah masu irin wannan gida, awa nawa ya kamata ɗan shekara 7 ya zauna karatu a rana? Kuma ni ce ban iya ba, ko dama haka maza suke?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Ki yafe min Maman Sadiq, na yi dariya har da hawaye a wurin zakin nan. Ki gode wa Allah naki zaki ne, yana kwance wuri ɗaya. Nawa jirgin sama ne, kuma ba ya sauka.

Malama_Mai_Ritaya:
'Yata, sannu da ƙoƙari. Shekara 31 na yi ina koyar da 'yan firamare kafin na ajiye alli, bari in faɗa miki abin da iyaye ba sa gani. Awa huɗun nan da kika ɗauko daga makaranta kika kawo falonki, a makarantar ma ba awa huɗu ake karatu ba. Ki cire kiran suna, ki cire shiga layi, rabon littattafai, neman wanda ya ɓatar da fensir, rabon faɗa, da jiran mai nawa wajen kwafa daga allo. Malama mai yara arba'in in ta samu ta tsaya a kan yaro guda na minti biyar a yini, ta yi abin kirki. Ke kuwa yaronki yana gabanki shi kaɗai, idonki a kansa, ba bayan wanda zai ɓuya. Minti ashirin ɗinki ya fi darasina guda nauyi. A ganina ɗan shekara 7 awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ishe shi, ita ma a gutsuttsura masa, kada a haɗa a zama ɗaya. Ɗan shekara 5 rabin awa ma ya yi. Sauran yinin su yi wasa, ba asara ba ce.

Maman_Sadiq:
Awa ɗaya da rabi Malama? To in dangi suka zo ƙarfe goma suka tarar da su suna haƙa rami a bayan ɗaki fa? Dama ana ta cewa son jiki ne ya sa na cire su daga makaranta.

Ummu_Haidar:
Son jiki? Duk wanda ya faɗa ki ba shi aron su na yini ɗaya.

Baban_Tagwaye:
Abin da Malama ta faɗa ba sabo ba ne. Akwai wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, ta rasu a 1923, har yau masu karatun gida da yawa tsarinta suke bi. Ita a wurinta darasin ƙaramin yaro bai kamata ya wuce minti 15 zuwa 20 ba, kuma a riƙa sauya iri: in an yi na zama a riƙe fensir, na gaba ya zama na saurare ko na motsi. Sannan in an karanta wa yaro labari, sau ɗaya tak, a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya ji da bakinsa.

Tagwayenmu maza ne, shekararsu 6. Ƙaramin agogo na samo mai ƙararrawa, ina saita shi minti 15 in ajiye a gabansu. Yarjejeniyarmu ita ce kafin ya kaɗa lokacina ne, in ya kaɗa ko a tsakiyar kalma muke mun tashi. Na lura yaro in yana hango ƙarshen abu yakan daure. Zaman da bai san yaushe zai ƙare ba shi ke kashe masa gwiwa. Amma fa sai ke ma kin cika alkawari. Ranar da na ce musu "bari mu ƙarasa layin nan kawai", kwana uku na yi ina biyan bashin.

Kawu_Ɗanlami:
Ni dai zan faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Ku mai da yaran nan makaranta. Yaro in bai koyi zama yana ɗan shekara 7 ba, yaushe zai koya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka yi makaranta wa ya taɓa tambayarmu ko mun gaji? Yanzu an zo ana saita wa yaro agogo ana lallashinsa. Gobe in ya kama aiki, maigidansa zai saita masa minti 15 ne? Sannan yaron da bai san kowa ba sai uwarsa da ƙannensa, ta yaya zai iya zama da jama'a?

Ummu_Haidar:
Kawu, da girmanku, ba ta tambaye mu ko ta mai da su ba. Awa nawa ta ce.

Baban_Tagwaye:
Kawu, iccen ma in aka tanƙwara shi da ƙarfi lokaci guda ai karyewa yake. Da minti 10 muka fara, yanzu muna 15, baɗi in Allah ya kai mu 20. Zaman ma koyonsa ake yi.

Malama_Mai_Ritaya:
Kada ku yi wa Kawu ca. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabin da ya shafi jama'a. Na taɓa karɓar wani yaro a aji uku wanda aka koyar a gida. Karatunsa ya fi na duk 'yan ajin, amma bai san jiran layi ba, kuma bai san a ci shi a wasa ya haƙura ba, don a gida kullum shi ke cin ƙannensa. Ranar da aka fara kayar da shi a tsere, birgima ya yi a ƙasa. Wannan ba a littafi ake koyonsa ba. Duk mai karatun gida ya nema wa yaransa tsaransu waɗanda ba 'yan gidansu ba, a kai a kai, ba sau ɗaya a wata ba.

Anti_Nas:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jiki mai sa haki. 'Yan shekara 1 zuwa 4 kuma awa uku na motsi iri-iri, a warwatse cikin yini. Wato jikin yaranki yana bin ki bashin guje-guje, in ba ki biya da safe ba zai karɓa a kan kujerar karatu. Ki gwada juya jadawalin. Su fara fita su yi gudu da tsalle-tsalle na rabin awa ko fiye, su sha ruwa, su yi fitsari, sannan a zauna. Ki kuma duba barcinsu, ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 ake so ya samu. Babba in barci bai ishe shi ba hamma yake yi, yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa, shi ya sa iyaye ba sa gane gajiya ce.

Maman_Ilham:
Ni maganar "haka maza suke" ce ban yarda da ita ba. Ilham shekararta 6, ta fi yayyenta maza biyu rashin zama. Babban yayanta tun yana ɗan shekara 4 zai zauna da littafin hotuna ba ka ji motsinsa ba. Hali ne, kowane yaro da nasa.

Abu_Mus'ab:
Maman Ilham, 'yarki ɗaya ba za ta rushe abin da kowa ya sani ba. Cikin maza shida na tashi, yanzu ina da huɗu. A zuba maza uku a ɗaki a ja ƙofa, kafin a ƙirga goma an fara kokawa. Mata ba haka suke ba.

Maman_Ilham:
Ba ka taɓa rufe mata uku a ɗaki ba ne, Abu Mus'ab.

Malama_Mai_Ritaya:
Kowannenku ya kama wani gefe. In aka ɗauki aji gaba ɗaya, 'yan mata sukan ɗan riga maza iya riƙe fensir da daidaita rubutu. Amma tazarar da ke tsakanin yaro da yaro ta fi wadda ke tsakanin maza da mata faɗi. Abin da nake tsoro shi ne "haka maza suke" ta zama bargon da za a lulluɓe komai da shi, har da yaron da idonsa ne ba ya gani sosai, ko kunnensa.

Anti_Nas:
Allah ya saka Malama. Gwajin ido ba shi da wuya, a yi shi. In kuma rashin natsuwar ya zarce na tsaransa, ya kai wata shida, kuma ko'ina haka yake ba a wurin karatu kaɗai ba, a ga likitan yara. Amma ɗan shekara 7 ya ƙosa bayan minti goma na kwafar rubutu, wannan kaɗai ba ciwo ba ne.

Sabon_Uba:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Nawa bai kai ba tukuna, watansa 14, amma muna tunanin abin ni da mamansa. Doka ta yarda mutum ya ƙi kai ɗansa makaranta?

Lauya_Ba_Kotu:
Ya danganta da ƙasar da kake zaune, ɗan'uwa. A Amurka doka ta amince a duk jihohi 50 tun 1993, sai dai kowace jiha da sharuɗɗanta, wata sai ka sanar da hukuma kuma a riƙa gwada yaron, wata ba ruwanta. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro ko a makaranta ko ta wata hanya, wato ilimin ne dole, ba ginin makarantar ba. Jamus ta hana, zuwa makarantar ne dole a can, har tara ake cin iyaye a kai. Faransa da sanarwa kawai ake yi, amma daga 2022 sai an nemi izini an kawo dalili. Ka bincika dokar inda kake kafin ka fara, ka kuma san tun yanzu ta yadda yaron zai zauna jarrabawar da za ta ba shi takardar shaida.

Kawu_Ɗanlami:
To kun ji. Jamusawa ai ba wawaye ba ne.

Ummu_Haidar:
Mutanen Ingila ma ba wawaye ba ne Kawu.

Inna_Mai_Jikoki:
Kun tafi Jamus kun bar autan nan yana taunar alli. Ni shi nake tausayi. Ɗan shekara biyu da rabi yana ganin uwarsa ta juya masa baya tana fama da yayyensa, me kuke so ya yi? Ɓarna ce kaɗai hanyar da zai dawo da idonki kansa. Ki fara da shi 'yar nan. Kafin ki buɗe littafin kowa, ki ɗora shi a cinya minti goma, ki yi masa waƙa, ki cika masa ciki da kulawa, sai ya sake ki.

Ummu_Haidar:
Yanzu ban da wasa. Abin da ya cece ni da ƙaramin shi ne wani kwali da ba a buɗe shi sai lokacin darasi. Murafun robobi ne a ciki, da cokula, da manyan tubalan wasa, da tsohuwar jaka mai zif. Da an tashi darasi sai in rufe in ɗora a sama. Da yake ba kullum yake ganinsa ba, har yau bai gundure shi ba. Abin da ke buƙatar natsuwa sosai kuma, kamar haɗa baƙi da wasali, sai ƙaramin ya yi barcin rana muke yi. Kada dai a sa abin da zai iya shiga baki ya maƙale.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, duk ina karantawa. Inna, maganarku ta taɓa ni, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Akwai kuma abin da ban faɗa ba da farko. Shekaranjiya bayan na gama yi wa Sadiq faɗa a kan rubutu, sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, ƙarfe nawa za ki daina zama malama?" Ɗaki na shiga na yi kuka. Da yana makaranta, in malamarsa ta ɓata masa rai ni yake kawo wa ƙara. Yanzu wa zai kai wa? Kuma abin da muka yi faɗan a kai bai taka kara ya karya ba, b da d ne, har yanzu juya su yake yi, balle a zo kan ɓ da ɗ.

Malama_Mai_Ritaya:
Share hawayenki, wannan ba abin faɗa ba ne ko kaɗan. Ki ɗauki kofi ki juya hannunsa dama, kofi ne. Ki juya shi hagu, kofi ne. Tun ranar da aka haifi yaro abin da idonsa ya koya ke nan, cewa abu ba ya sauya suna don ya juya fuska. Rana ɗaya sai mu zo mu ce masa wannan sandar in cikinta yana dama b ce, in yana hagu d ce. Dole ya ɗauki lokaci. Juya haruffa abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, wasu su ɗan gota. In ya kai 8 abin bai ragu ba, kuma karatun ma yana yi masa nauyi, sai a nemi masani ya duba shi.

Kada ki koyar da su biyun a rana ɗaya. Ki ɗauki b kaɗai mako guda, ya rubuta ta ƙatuwa a ƙasa da yatsa, a iska da hannu gaba ɗaya, yana faɗin sautinta, kullum daga saman sandar yake farawa. Sai ta zauna daram sannan d ta shigo, ita kuma daga cikin ake fara ta, sandar ta biyo baya. Hannu ne zai riƙe bambancin kafin ido. Masu lanƙwasa ki bar su sai waɗannan sun zauna, kunnensa ai ya riga ya san bambancin bari da ɓari, rubutun ne kawai ya rage. Kuma ki sani a Finland sai a shekarar da yaro zai cika 7 yake shiga aji ɗaya. Sadiq bai makara ba.

Maman_Ilham:
Maganar "yaushe za ki daina zama malama" ta sa ni ma na yi shiru. Ni abin da nake yi, akwai wata riga da nake ɗorawa a sama in za mu fara darasi, in mun gama in cire a gabansu in rataye. Wasa-wasa abin ya zama doka. In na cire ba na sake tambayar kowa bakwai sau takwas, ko a wurin cin abinci. Ranar da na yi tsawar da ta wuce kima kuma, ina samun yaron in ce ya yi haƙuri, na yi fushi fiye da laifinsa.

Abu_Mus'ab:
Uwa ta ba ɗanta haƙuri? Anya ba za a raina ta ba?

Kawu_Ɗanlami:
A nan kam ban bi ka ba Abu Mus'ab. Ni bahago ne. Ina aji ɗaya wani malami ya yi ta dukan hannuna da rula sai na koma dama. Na koma, amma har yau rubutuna kamar tafiyar kaza, kuma shekara hamsin ke nan ban manta fuskarsa ba. Da ya taɓa cewa in yi haƙuri ko sau ɗaya, da ban raina shi ba. Ina nan kan bakana cewa makaranta ta fi, amma 'yata, kada ki daki yaro a kan harafi.

Ummu_Haidar:
Kawu yau kun ba ni kunya, na janye rabin tsiwar da na yi muku. Rabi fa.

Baban_Tagwaye:
Tambayar "wa zai kai wa ƙara" amsarta tana gidan, sai dare take shigowa. Maman Sadiq, ki gaya wa maigidan 'yan zaure suna gaishe shi, kuma sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai ya koyar da darasi ba. Minti 15 ya karanta musu labari kafin barci, ya tambayi Sadiq yau me Malama Mama ta yi maka, ya saurara. Ranar da ba aiki kuma ya kwashe su duka ukun ya fita da su awa biyu, ke ki rufe ƙofa ki yi barci.

Injiniya_Sule:
Ni ba na iya zaman allo, amma duk gyaran da zan yi a gida da su nake yi. Babban yana riƙe tef ɗin awo yana karanto min santimita, ƙaramin yana ƙirga kusoshi. Rabi da kwata a jikin katako ɗana ya gane su, bayan mamansa ta yi mako biyu tana fama da shi a takarda. Aikin minti 20 yakan kai awa, kuma sukurdirebana biyu sun ɓace har yau.

Abu_Mus'ab:
Tunda an zo kan iyaye maza, kokawar fa? Ni ba na hanawa. Doka uku ce: ban da fuska, ban da makami, kuma duk wanda ya ce "tsaya" an tsaya. Wanda ya karya ya fita fili. In ka hana su gaba ɗaya a bayan idonka za su yi, ba alƙali.

Maman_Sadiq:
Nawa na tsakiyan ne ke tsokana, in an taɓa shi kuma ya fi kowa ihu.

Inna_Mai_Jikoki:
Na tsakiya ke nan. Ba shi ne babba ba, ba shi ne auta ba, sai ya zama zaki kafin a gan shi. Ki ba shi wani aiki da yake nasa shi kaɗai, ko da goge allo ne.

Uwar_'Yanci:
Ni fa duk wannan agogo da jadawali ban ga amfaninsu ba. Ki yage takardar bangon nan ki huta. Wani malami Ba'amurke, John Holt, tun 1977 ya fara fitar da mujalla a kan haka, cewa yaro da kansa yake koyo in aka bar shi ya bi abin da ransa ke so, kamar yadda ya koyi magana ba wanda ya zaunar da shi. Ɗana wata uku ya yi ba abin da ke gabansa sai tururuwa. A kansu ya koyi ƙirga, ya koyi zane, ya fara tambayar yadda ake rubuta sunansu. Thomas Edison ma, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka, 'yan watanni kawai ya yi a makaranta, uwarsa ce ta koyar da shi a gida.

Malama_Mai_Ritaya:
Uwar Edison malamar makaranta ce kafin ta yi aure, kuma zaunar da shi ta yi ta koya masa, ba sakinsa ta yi ba. Sannan magana daban, karatu daban. Kowane yaro mai lafiya zai yi magana in yana jin ana yi, amma al'ummomi da yawa sun yi dubban shekaru suna magana ba su da rubutu. Rubutu ƙirƙirarsa aka yi, shi ya sa yawancin yara sai an nuna musu wane baƙi ne ke ba da wane sauti. Tururuwa na yarda da su ɗari bisa ɗari, a bar shi da su duk yamma. Amma minti 15 na haɗa baƙi da minti 15 na lissafi kullum, ba zan sayar da su ba.

Uwar_'Yanci:
Malama ina girmama ku, amma nawa ya fara karatu yana ɗan 8 ba tare da darasi ko ɗaya ba.

Malama_Mai_Ritaya:
Allah ya ƙara masa basira. Na ga irinsa, na kuma ga waɗanda aka jira su har 10 ba su fara ba.

Maman_Fahad:
Bari in faɗi nawa don kada a ce kowa ya ci riba. Mun fara lokacin kullen korona a 2020, da aka buɗe makarantu muka ci gaba don mun ga kamar ya karɓe mu. Shekara ɗaya da rabi na yi. Na haihu na uku, jikina ya ƙi, na wayi gari ba na son jin muryar 'ya'yana da safe. Ranar da na gane haka na ce wa babansu a nemo musu makaranta. Sun koma, suna lafiya, ni ma na dawo mutum. Ba cewa nake ki bari ba Maman Sadiq, ina dai gaya miki ƙofar a buɗe take, kuma wadda ta bi ta cikinta ba ta gaza ba.

Kawu_Ɗanlami:
Allah ya yi miki albarka Maman Fahad.

Ummu_Haidar:
Kawu an samu 'yar jam'iyya.

Sabon_Uba:
Ni da na shigo da ɗokin farawa, yanzu kaina ya ɗaure. Waya da talabijin fa, kuna ba su?

Anti_Nas:
Naka mai wata 14 ba a so ya zauna kallo sam. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Wannan ma daga Hukumar Lafiya ta Duniya ne.

Baban_Tagwaye:
Mu sai an gama darasi an yi wasan waje. Ranar da na kunna musu da safe don in samu in amsa waya, darasin ranar bai yiwu ba.

Maman_Sadiq:
Iyaye na dawo da rahoto bayan kwana takwas. Jadawalin ban yage ba Uwar 'Yanci, amma na sauke shi daga bango. Yanzu suna fita su yi gudu tukuna, in ɗauki auta a cinya kamar yadda Inna suka ce, sannan Sadiq ya yi zama huɗu na minti 15, da tashi a tsakani. Kwana biyar abin ya tafi lafiya, kwana biyu mun koma gidan jiya, rana ɗaya kuma ba mu buɗe littafi ba sam don auta ya kwana da zazzaɓi. Muna kan b har yanzu. Zaki ya karɓi aikin goge allo, sai dai yana gogewa tun ban gama rubutu ba. Babansu ya karanta musu labari dare uku, a na huɗu shi ya riga su barci. Abin da ke damuna yanzu, ƙarfe goma da rabi mun gama komai, sai in ji kamar na yi sata. Anya awa ɗaya ta isa kuwa?

Kawu_Ɗanlami:
Ba ta isa ba.

Malama_Mai_Ritaya:
Ki ajiye littafin rubutunsa na wannan makon, ki rubuta kwanan wata a bangon littafin. Bayan wata uku ki ɗauko ki haɗa da na lokacin, ki zo ki gaya mana ni da Kawu.

Uwar_'Yanci:
Ramin da suke haƙawa a bayan ɗaki fa, ya kai ina?

Maman_Sadiq:
Ya kai gwiwar Sadiq. Jiya ya tambaye ni in suka ci gaba da haƙawa ina za su ɓulla, na ce ya jira babansa.

Injiniya_Sule:
Ki ba shi tef ya auna zurfin kullum ya rubuta. Amma kada ya wuce ƙugunsa, ƙasa tana ruftawa.

Maman_Ilham:
Maman Sadiq wane irin agogo kika samu? Nawa ƙararsa tana tayar min da jaririya.